Yadda korutin ke motsa masu gadi a wasan gem na Lua

Duk wanda ya taɓa buga Roblox a waya ya ga 'yan wasa da dama suna kai-komo a lokaci guda, kowa na sha'aninsa. Da Luau ake rubuta waɗannan wasanni, yaren da ya samo asali daga Lua 5.1. Shi kuwa Lua an ƙirƙire shi a 1993 a jami'ar PUC-Rio ta Brazil, korutin kuma ya shigo cikinsa a 2003 tare da Lua 5.0.

Korutin aiki ne da ke iya dakatawa a tsakiya, ya bar wasu su yi nasu, daga baya ya ɗora daga inda ya tsaya. Umarnin coroutine.yield ne ke dakatar da shi, coroutine.resume kuma ya tashe shi.

Lua ba shi da kalmar class. Da tebur ake gina kowane abu, sai setmetatable da __index su sa ya gaji ayyukan ajinsa. Haɗa su biyun ba wuya: kowane abu ya riƙe korutin ɗinsa a cikin teburinsa. Ga misalin mai gadi da ke sintiri:

function Gadi:sintiri()
  while true do
    for i = 1, 60 do self.x = self.x + 1, coroutine.yield() end
    for i = 1, 60 do self.x = self.x - 1; coroutine.yield() end
  end
end

Wajen ƙirƙirar kowane mai gadi sai a rubuta:

self.aiki = coroutine.create(function() self:sintiri() end)

Duk lokacin da allo zai sabunta hoto, wasan zai tashi korutin na kowane mai gadi sau ɗaya. Idan ana sabuntawa sau 60 a daƙiƙa, mai gadi zai yi daƙiƙa ɗaya yana tafiya dama, ɗaya yana komawa hagu. Ba sai an ajiye wata alamar inda ya kwana ba, korutin na tunawa da kansa.

Sai dai akwai tarko biyu. Korutin ba sa gudu tare, bi da bi suke yi. Idan aka manta yield a cikin while true, mai gadi ɗaya zai riƙe komai, wasan ya daskare.

Na biyun ya fi wahalar ganowa. Idan kuskure ya auku a cikin korutin, resume ba ya tsayar da manhaja, sai dai ya dawo da false da saƙon kuskuren. Mai gadi zai ƙame wuri ɗaya shiru, coroutine.status ya nuna "dead". Saboda haka a riƙa duba abin da resume ya dawo da shi, a buga saƙon da print.