Yawuri, garin da Kwara ta raina

Baƙon da ya sauka Yelwan Yawuri cikin hunturu, hazo ya lulluɓe gari, leɓe na tsagewa, yakan yi mamakin ganin kogin Kwara cike taf, alhali an yi wata biyu ko ɗigo bai sauka ba. Masunta za su ce masa baƙin ruwa ne: ruwan da aka zubar a tsaunukan Gini tun damina, ya ratso Mali da Nijar, ya sauke lakarsa a hanya, sai yanzu ya iso. Farin ruwa, mai laka, shi ne na daminar gida, wajen Agusta da Satumba. Da waɗannan biyun manomin albasa da mai taru ke lissafin shekara. Zafin Maris da Afrilu kuwa, sai wanda ya kwana a garin.

Sarautar ma bakin ruwa ta biyo. A Birnin Yawuri sarakunan farko suka zauna, kan hanyar fataken goro daga Kano zuwa Gwanja. Yaƙin basasa ya kai gadon sarauta tsibirin Ikum, kafin Sarki Abdullahi Abarshi ya kawo shi Yelwa a 1888. Baturen nan Mungo Park ya ratsa ƙasar a jirgi kafin ya halaka a Busa, kuma a 1830 Richard Lander da ƙaninsa suka zo fada neman takardunsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 1968. Da aka datse kogi a Kainji, tafki ya haɗiye tsibiran Gungawa, da gonaki da kushewun iyaye. Dubban mutanen da kwalekwale ne ƙafarsu aka kwashe su zuwa tudu, cikin gidajen siminti da ba su suka zana ba. Wutar ta haska manyan birane. Su kuwa aka bar su da koyon noman tudu da furfura a ka.

Duk da haka, je ka kwata da sassafe. Jirage na shigowa daga ƙauyukan Ngaski da Shanga, shaƙe da buhunan albasa da kwandunan busasshen kifi, ga ƙarfasa da giwan ruwa suna fal-fal a daro. Bakambare na ciniki da Bagunge da Hausa, mata na hura wutar banda, yaro ɗan shekara goma ya tokare jirgi da gora yana jiran a gama sauke kaya.