Shin Ko Kun San? John Gurdon, Mai Binciken Kwaɗi

Shin ko kun san cewa ɗalibin da ya zo na ƙarshe cikin yara 250 a darasin ilimin halittu shi ne ya karɓi lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci a 2012? Sunansa John Gurdon. An haife shi a Ingila a 1933, ya rasu a watan Oktoban 2025 yana da shekara 92.

A 1949 malaminsa a makarantar Eton ya rubuta cewa koya masa kimiyya ɓata lokaci ne kawai. Gurdon bai yar da takardar ba. Firam ya sa mata, ya kafa ta a ofishinsa, yakan ɗaga kai ya dube ta duk ranar da gwaji ya ƙi.

Ko kun san tambayar da ta hana shi sakat? Ƙwai ɗaya ne ke zama fata da ido da hanji. To, ƙwayar da ta riga ta zama ta hanji, ta manta sauran umarnin gina jiki ke nan? A lokacin masana da dama sun ɗauka ta manta.

A Jami'ar Oxford, Gurdon ya zaro cibiyar ƙwayar hanjin talibambam da siririn tsinken gilashi, ya cusa ta cikin ƙwan kwaɗo da aka kashe tasa cibiyar. Cikin ƙwai 726 da ya ba da rahotonsu a 1962, guda 10 kacal suka zama talibambam masu iyo da cin abinci. Goma ɗin nan sun wadatar: umarnin yana nan cikakke, rufe shi kawai aka yi. Ni wannan haƙurin nasa ya fi lambar yabon burge ni.

Kwaɗon kuwa ɗan Afirka ne, ana kiransa Xenopus. Kafin nan da shi ake gwajin juna biyu: a yi wa macen kwaɗon allurar fitsarin mace, in matar na da ciki sai macen kwaɗon ta zuba ƙwai cikin sa'o'i.

Aikin Gurdon ne ya share fagen samar da tunkiya Dolly a 1996. A 2006 kuma Shinya Yamanaka na Japan ya mayar da ƙwayar fatar ɓera halinta na farko da ƙwayoyin gado huɗu kacal. Su biyun suka raba Nobel, shekara 50 cif bayan rahoton kwaɗin.