Yoyon Man Sitiyari a Motocin Shiga Daji: Musabbabinsa da Gyaransa

Tun a shekarar 1926 wani injiniya ɗan Amurka mai suna Francis Davis ya gwada dabarar sauƙaƙa murza sitiyari da ƙarfin mai, amma sai a 1951 kamfanin Chrysler ya fara sayar wa jama'a ƙananan motoci masu wannan tsari. Babu inda amfaninsa ya fi fitowa fili kamar a motocin nan da injinsu ke juya ƙafafu huɗu duka, irin su Land Cruiser da Land Rover, domin gabansu nauyi gare shi, tayoyinsu kuma masu faɗi ne. Idan man ya tsiyaye ana cikin tafiya, sitiyarin yakan sandare farat ɗaya, kuma wannan na iya zama sanadin haɗari a kan kwana ko gangare.

Tsarin kansa ba shi da wuyar fahimta. Akwai ɗan tankin mai, da famfo wanda bel ke juyawa daga inji, da tiyo biyu, sai kuma akwatin sitiyari. Tiyo na farko shi ke ɗaukar man da famfo ya matsa da ƙarfin gaske zuwa akwatin, na biyu kuwa shi ke komo da shi tanki a hankali. Zafi da ƙura da jijjigar hanyar burji su ne ke busar da robobin da ke tare man, har su tsattsage.

Babban kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora laifi a kan wurin da aka ga mai yana ɗiga. Shi mai gangara yake yi, iska kuma ta kora shi baya, saboda haka sau da yawa akan canza sil ɗin akwatin sitiyari, alhali kuwa ɓarnar tana can sama a bakin tiyo. Abin da ya kamata shi ne a wanke wurin tsaf, a bari ya bushe, a cika tanki, sa'an nan a tayar da inji, wani ya riƙa murza sitiyari dama da hagu, makanike na dubawa da tocila. Inda danshi ya fara bayyana, nan ne asalin ciwon. To amma fa kada a laluba tiyon farko da hannu inji yana aiki, gama siririn man da ke tsartuwa daga cikinsa na iya huda fata.

Idan tiyon komowa ne, gyaran mai sauƙi ne: sabon tiyo irin na mai, da kilif mai kyau. Tiyon farko kuwa ba a ɗaure shi da roba ko waya, sai dai a canza shi ɗungurungum, tare da sababbin wosa. Jinkiri a nan ganganci ne, domin man da ya fesu a kan salansa mai zafi na iya kamawa da wuta. In sil ɗin ƙasan akwatin ne ya lalace, wajibi ne a duba sandar ƙarfen da yake zagaye da ita; muddin ta ci ko ta yi tsatsa, sabon sil ɗin ma ba zai daɗe ba.

Bayan gyara, sai a zuba irin man da littafin motar ya ambata. A yawancin tsofaffin Toyota da Land Rover, jan man nan ne na giyar otomatik. Man birki kuwa, wanda wasu ke zubawa in sun rasa yadda za su yi, kumbura robobin yake yi ya lalata su baki ɗaya. Daga nan a ɗaga gaban motar da jak, a murza sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe sau da dama inji na kashe, ana ƙara mai, kana a tayar a maimaita, ba tare da danne shi a ƙarshe fiye da daƙiƙa 10 ba. Matuƙar ana ganin kumfa a tanki, ko ana jin famfo yana kuka, to akwai sauran iska a ciki.