Nutso Zuwa Kabarin Titanic: Sha'awar Gani da Ganganci a Ƙasan Teku

Da safiyar Lahadi, 18 ga watan Yunin 2023, mutum biyar suka shiga wani ɗan jirgin nutso mai suna Titan a tsakiyar tekun Atlantika, kimanin kilomita 600 daga gaɓar Newfoundland ta ƙasar Kanada. Cikinsa bai fi na ƙaramar motar haya ba, babu kujera, kowa a ƙasa yake zaune ya tanƙwashe ƙafa. Da suka shiga sai aka ɗaure ƙofar da kusoshi daga waje, ta yadda na ciki ba shi da ikon buɗewa. Niyyarsu su ga ragowar Titanic, jirgin ruwan nan da ya nutse a watan Afrilun 1912 da mutum fiye da 1,500, wanda ba a gano makwancinsa ba sai a 1985. Kuɗin mutum ɗaya dala 250,000 ne. Bayan kimanin awa ɗaya da minti 45 da fara sauka, sai jirgin da ya kawo su, Polar Prince, ya daina jin ɗuriyarsu.

Kwana huɗu duniya na ƙirga sa'o'i, domin an ce iskar da ke ciki za ta ishe su awa 96. Ashe tun ranar farko aikin gama ya gama. Ranar 22 ga wata aka ga tarkacen Titan kusa da goshin Titanic. Waɗanda suka rasu su ne Stockton Rush, shugaban kamfanin OceanGate mai jirgin, da Bafaranshe Paul-Henri Nargeolet wanda ya sha zuwa wurin, da ɗan Birtaniya Hamish Harding, da ɗan kasuwar Pakistan Shahzada Dawood tare da ɗansa Suleman mai shekara 19.

Wanda bai san halin ruwa ba zai yi mamakin abin da ya faru. Duk mita goma da ka nutsa, ruwa yana ƙara maka matsi daidai da na iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Titanic yana kwance ne a zurfin kimanin mita 3,800, wato matsin ya ninka kusan sau 380. Dubi farcen ɗan yatsanka: a wannan zurfin, nauyin da ke danna wuri kamar faɗinsa ya kusa buhun siminti takwas, kuma ta kowane gefe yake dannawa, ba hutu. Ga duhu, domin hasken rana ba ya wuce mita 1,000, ga sanyi kamar na ƙanƙara. Idan bangon jirgi ya gaza a nan, ba yoyo yake yi ba, murƙushewa yake yi kafin ƙiftawar ido.

Shi ya sa masu ƙera irin waɗannan jirage suka daɗe suna yin ɗakin zaman mutane a dunƙule kamar ƙwallo, da ƙarfe ko taitaniyam, saboda ƙwallo yana raba nauyi daidai a ko'ina. Titan kuwa dogo aka yi shi kamar ganga, don ya ɗauki mutum biyar, kuma jikinsa na zaren kabon ne da aka naɗa aka manne. Wannan zare gwani ne wajen jure ja, amma idan ana matse shi ana saki, tafiya bayan tafiya, ƙananan tsagogi kan taru a cikinsa inda ido ba ya gani. An kuma yi gargaɗi. A 2018 wani babban ma'aikacin kamfanin, David Lochridge, ya rubuta damuwarsa a kan jikin jirgin, aka sallame shi. A cikin shekarar dai masana harkar suka ja kunnen kamfanin cewa ya kai jirgin wata hukuma mai zaman kanta ta tantance shi. Ba a kai ba. Masu biyan kuɗi ma ba fasinjoji ake kiransu ba, ƙwararrun aiki ake ce musu, kuma nutson a ruwan da ba na kowace ƙasa ba ake yin sa. A watan Agustan 2025 rundunar tsaron gaɓar teku ta Amurka ta fitar da rahotonta, ta ce hatsarin abu ne da za a iya kauce masa.

Duk da haka ba na ganin laifin sha'awar kanta. Gani ya kori ji, kuma ƙasan teku har yau kimanin kashi ɗaya cikin huɗu kawai aka zana taswirarsa dalla-dalla. A 1960 Jacques Piccard da Don Walsh sun sauka kusan mita 11,000 a ramin Mariyana cikin jirgin Trieste, suka dawo lafiya. Mai shirya fina-finai James Cameron ya je can shi kaɗai a 2012. Ɗan jirgin bincike Alvin, wanda ke aiki tun 1964, shi ya kai masana wasu maɓuɓɓugan ruwan zafi kusa da tsibiran Galafagos a 1977, inda suka tarar da halittu masu rayuwa ba da hasken rana ba. Abin da ya bambanta su da Titan haƙuri ne da gwaji da sauraron masu sani.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai game da makon da abin ya faru. Kwana huɗu kafin Titan ya nutse, wani kwale-kwalen kamun kifi ɗauke da 'yan ci-rani ɗaruruwa, da yawansu 'yan Pakistan, ya kife kusa da Girka, mutum 104 kacal suka tsira. Labarinsu bai sami rabin kulawar da attajirai biyar suka samu ba, alhali su ba yawon buɗe ido ya fitar da su ba.

Baligi yana da 'yancin yin kasada da ransa. Amma wanda ya karɓi kuɗi ya ɗauki amanar rai, kuma sa hannu a takardar yafe haƙƙi ba ya wanke shi idan ya ɓoye abin da ya sani. Ya kamata ƙasashen da waɗannan jirage ke tashi daga tashoshinsu su hana kowane jirgin nutso ɗaukar mai biyan kuɗi sai hukuma mai zaman kanta ta gwada shi ta amince.