Shin Ko Kun San? Daga Zabon Nakpayili Zuwa Fadar Yandi

Shin ko kun san cewa a Dungu, kan hanyar Tamale zuwa Kumasi, Jami'ar Nazarin Raya Ƙasa ta Gana, wato UDS, take da hedikwatarta? An kafa ta a 1992. Shekara biyu da kafuwarta wuta ta kama a arewacin ƙasar.

Ko kun san daga cinikin zabo abin ya tashi? A 1994, a kasuwar Nakpayili kusa da Bimbilla, mutum biyu suka yi sa-in-sa kan zabo. Zabon dai sanadi ne kawai, don gabar ƙasa da sarauta ta daɗe tana cin mutane a ciki. Konkomba suka gwabza da Nanumba da Dagomba da Gwanjawa. Rayuka kusan 2,000 suka salwanta, ƙauyuka sama da 400 suka zama toka.

Su wa suka shiga tsakani? Baƙi ne daga gabashin Afirka, ƙungiyar Nairobi Peace Initiative ta Kenya, ƙarƙashin Hizkias Assefa ɗan Habasha. Suka riƙa kwasar dattawa da matasa zuwa Kumasi, nesa da hayaƙin gida, zama bayan zama, har aka sa hannu kan yarjejeniya a watan Maris na 1996. Haƙurin mutanen nan yana burge ni matuƙa.

Cikin waɗanda suka yi aikin sulhun tare da su akwai Emmanuel Bombande, ɗan arewacin Gana. A 1998 shi da Sam Doe ɗan Laberiya suka kafa WANEP, ƙungiyar gina zaman lafiya a Afirka ta Yamma, wadda daga baya ta haɗa hannu da ECOWAS wajen hango rikici tun yana hayaƙi. Ofishinta na Gana a Tamale yake.

Ko kun san sulhun Laberiya ma a Accra aka ƙulla shi, ran 18 ga Agusta 2003?

Sai maganar Yandi. A Maris na 2002 aka kashe Ya-Na Yakubu Andani II, sarkin Dagomba, a Fadar Gbewaa, kan rigimar sarauta tsakanin gidan Abudu da gidan Andani. Nan kuwa maƙwabta ne suka ɗauki nauyin sulhu: Asantehene Otumfuo Osei Tutu II, da Nayiri na Mamprugu, da Yagbonwura na Gwanja. Kusan shekara 17 fatar sarautar Dagbon, ƙasar Dagomba, tana jiran mai zama. Sai a Janairun 2019, bayan an kammala bukukuwan makokin sarakunan gidajen biyu, Ya-Na Abukari II ya hau ta.