Kiran Gaggawa: Minti Nawa Ne Tsakanin Kiranki Da Isowar Taimako?

Uwargida, da zarar hunturu ya kama sai labarin gobara ya yawaita, ga kaskon garwashi a ɗaki, ga hita da aka manta cikin bokiti, ga tukunyar gas a kicin. Allah Ya tsare mu. To amma in abin ya auku kika buga waya, me ke faruwa da kiran nan kafin motar 'yan kwana-kwana ko ta 'yan sanda ta tsaya a ƙofar gida?

Asalin lambar gaggawa ma daga rasuwar mata ya samo tushe. A watan Nuwamba na 1935 wuta ta tashi a wani gida da ke titin Wimpole a birnin Landan, mata 5 suka rasu. Wani maƙwabci ya yi ta neman 'yan kwana-kwana ta waya, amma kiran nasa ya maƙale a layi a ofishin tarho, domin a lokacin babu yadda mai haɗa waya zai bambanta kiran ceton rai da kiran gaisuwa. Takaici ya sa ya rubuta wa jarida wasiƙa, gwamnati ta sa aka yi bincike, a 1937 aka buɗe lambar 999. Amurka ta biyo baya da 911 a 1968, ƙasashen Turai suka amince da 112 a 1991. A Najeriya ma 112 ce, kyauta ake kiranta ko babu kuɗi a waya, kuma hukumar sadarwa ta NCC ta gina cibiyoyin amsa kiran a jihohi da dama.

Lokacin da ake jira kashi uku ne. Na farko, kafin a ɗaga wayar. Na biyu, kafin mai amsawa ya gane abin da ya faru da inda ya faru, ya miƙa ga waɗanda abin ya shafa, ko 'yan sanda, ko masu kashe gobara, ko motar asibiti. Na uku, tafiyar motar kanta. A ƙasashen da suka tsara aikin, kowane kashi akwai ma'auninsa. A Amurka ana so a ɗaga kira 90 cikin 100 kafin daƙiƙa 15 ta cika. 'Yan sandan Ingila kuwa daƙiƙa 10 suka sa wa kansu. Hukumar kashe gobara ta Landan burinta motar farko ta isa cikin minti 6 a matsakaici, ta biyu cikin minti 8, yayin da 'yan sandan birnin ke ƙoƙarin isa cikin minti 15 in rai na cikin haɗari. Ba duk kira ake ɗauka ɗaya ba: ɓarawon da ke cikin gida yanzu yana gaba da satar da aka yi jiya.

Me ya sa ake lissafi da daƙiƙa? Saboda kayan ɗakin zamani, katifar soso da kujerun kushin da labulen leda, sun fi na da saurin cin wuta. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna mutum na da kamar minti 3 ne kacal ya fita daga ɗakin da ya kama, kuma hayaƙi ya fi harshen wutar kisa.

A garuruwanmu, kashi na uku ya fi ba da wahala: lunguna matsattsu, gidaje ba lamba, cunkoson 'yan kallo, ga neman ruwa. Wannan ba a hannunki yake ba. Amma kashi na biyu rabinsa a bakinki yake, domin mai amsa kira ba zai iya tura mota inda bai gane ba.

Saboda haka ki fara fitar da yara, ki ƙirga su, sannan ki kira daga waje. Kada ki tsaya sai an gwada bokiti an kasa, ko sai an samu maigida a waya. Ki fara da wuri kafin labari: gari, unguwa, layi, da wani sanannen abu kamar masallacin Juma'a ko makarantar firamare. Sannan ki faɗi abin da ke ci da wuta, da ko akwai wanda ya rage a ciki. Kada ki kashe wayar sai an sallame ki, kuma ki tura babban yaro bakin titi ya taro motar.

Tun yau ki rubuta kwatancen gidanku a takarda, tare da 112 da lambar ofishin kashe gobara da na 'yan sanda mafi kusa, ki manna a jikin ƙofa. Ki koya wa yara da 'yar aiki yadda za su karanta shi, ki kuma hana su kiran wasa, domin layin da suka tare wata uwa ce ke jiransa. Manzon Allah (SAW) ya hore mu da kashe wuta kafin kwanciya, sai mu riƙe wannan kowane dare.

Allah Ya kare mu da iyalanmu daga gobarar duniya da ta lahira, amin.