MAKULLI MARAR NAUYI DON TSARE NA'URORIN DA KE JIKIN MAJINYATA

A cikin watan Agusta na shekarar 2017, Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta ba da sanarwar cewa na'urorin daidaita bugun zuciya wajen 465,000, ƙirar kamfanin St. Jude Medical wanda Abbott ya saye, suna bukatar gyara. Ba lalacewa suka yi ba. An gano ne cewa mugun mutum da ke kusa da majinyaci yana iya aika wa na'urar umurni ta iska, ya ƙarar da batirinta ko ya jirkita bugun zuciyar mai ita.

Irin waɗannan na'urori, da kuma famfon da ke tura wa masu ciwon sukari maganin insulin, an yi su ne yadda likita zai karanta bayanansu, ya kuma daidaita su ba tare da ya tsaga jikin majinyaci ba. To, ƙofar da likita ke bi ita ce ɓarawo zai bi muddin ba a kulle ta ba.

Makullin kuwa shi ne juya saƙo ta hanyar lissafi, ya zama shirme ga duk wanda ba shi da mabuɗi. Tun shekarar 2001 ake amfani da tsarin AES a kwamfutoci da bankuna. Amma na'urar zuciya ƙwaƙwalwarta ƙarama ce, kuma ana son batirinta ya kai shekaru kusan goma, domin in ya ƙare sai an yi wa mutum tiyata kafin a sake wata. Watau duk lissafin da ya ci wuta, kusanto da ranar tiyata ya yi.

Saboda haka ne Hukumar Ma'auni da Fasaha ta Amurka ta kira gasar neman makulli mai ƙarfi amma marar nauyi. An gabatar da tsari 57 a shekarar 2019, aka yi ta tankaɗe da rairaya har watan Fabrairu na 2023, lokacin da aka zaɓi Ascon, wanda waɗansu masana huɗu masu alaƙa da Jami'ar Fasaha ta Graz a ƙasar Ostiriya suka ƙirƙiro a 2014. An tabbatar da shi a matsayin ma'auni cikin Agustan 2025.

Ascon yana aiki biyu a lokaci guda. Yana ɓoye saƙo, yana kuma buga masa hatimi, yadda idan aka taɓa ko da harafi ɗaya a hanya na'urar za ta ƙi karɓarsa. Ga majinyaci hatimin nan ya fi muhimmanci, gama tonon asiri abin ƙi ne, amma umurnin ƙarya kisa yake yi.

Sai dai tsofaffin na'urori na nan a ƙirazan mutane, kuma za su daɗe. Don haka ya wajaba jami'an da ke sayo wa asibitoci kayan aiki su riƙa tambayar irin makullin da ke cikin na'ura, da yadda za a sabunta shi, tun kafin su sa hannu a takardar ciniki.